Jules Ferry, ministan da ya buɗe makarantu ya kuma aika rundunoni

Wani malamin tarihi da ke koyarwa a wata sakandare a jihar Maradi ya aiko da wannan tambaya: "Malam, muna ɗalibai an koya mana cewa Jules Ferry shi ne uban makarantar kyauta a Faransa, yanzu kuma ina jin matasa suna lissafa shi cikin jiga-jigan 'yan mulkin mallaka. Wanne ne gaskiya, kuma me ya kamata in faɗa wa ɗalibaina?"

Malam, Allah ya saka da alheri, domin tambayarka ta taɓa abin da na daɗe ina ganin ana yi wa riƙon sakainar kashi a azuzuwanmu. Duka maganganun biyu gaskiya ne, kuma abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne cewa ba a rabe suke ba. Mutane da yawa suna ɗaukar Ferry kamar wanda ya yi aikin alheri da safe ya ɓata shi da yamma, alhali idan aka bi rayuwarsa ta siyasa daki-daki za a tarar aƙida ɗaya ce ta haifi makarantun da kuma rundunonin, cikin shekaru guda, wani lokaci ma cikin wata guda.

An haife shi ranar 5 ga Afrilu 1832 a garin Saint-Dié da ke yankin tsaunukan Vosges a gabashin Faransa. Ya karanci shari'a ya zama lauya a Paris, amma alƙalaminsa ne ya fito da shi, domin a zamanin Sarki Napoleon na Uku ya riƙa rubutu a jaridar Le Temps yana sukar gwamnati. A 1868 ya fitar da jerin maƙaloli da suka tona yadda Haussmann, gwamnan da ke rushe tsofaffin unguwannin Paris yana shimfiɗa manyan tituna, yake cin bashi ta bayan fage ba tare da majalisa ta sa ido ba. Wannan ya sa aka zaɓe shi ɗan majalisa mai wakiltar Paris a 1869. A watan Afrilu 1870 ya yi wata lacca inda ya ɗauki alkawari a bainar jama'a cewa ilimin talakawa shi ne aikin da zai ba dukkan ƙarfinsa, kuma a ganina ya cika wannan alkawari.

Kafin ya kai ga cikawa sai da ya sha wuya. Yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Jamusawa a 1870, aka kama Napoleon a Sedan, aka shelanta jamhuriya ranar 4 ga Satumba, Ferry ya shiga gwamnatin wucin gadi, sannan a watan Nuwamba aka ɗora masa magajin garin Paris a daidai lokacin da sojojin Jamus suka yi wa birnin ƙawanya. Shi ke da alhakin ciyar da mutane kimanin miliyan biyu cikin tsananin hunturu. Aka yanka dawakai, aka ci karnuka da ɓeraye, har giwayen gidan namun daji ba su tsira ba. A watan Janairu 1871 rabon burodi ya koma giram 300 ga kowane babban mutum a yini, burodin kuma baƙi ne, an gauraya garinsa da dusa da shinkafa da duk abin da ya samu, mata suna tsayawa layi tun asuba cikin sanyi don su karɓa. Daga nan mutanen Paris suka laƙaba masa sunan "Ferry na yunwa", kuma bakin jinin da ya kwasa a wannan birni bai bar shi ba har ya mutu. Da talakawan birnin suka yi bore a watan Maris 1871 suka kafa mulkin da ake kira Kwamin, da ƙyar ya sha. Daga wannan shekara mazaɓarsa ta koma Vosges, ƙasar haihuwarsa, wadda yanzu ta zama bakin iyaka saboda Jamus ta ƙwace Alsace da wani sashe na Lorraine.

Darasin da Ferry da abokansa 'yan jamhuriya suka ɗauka daga waɗannan shekaru shi ne mabuɗin komai. Tun 1848 kowane namiji baligi a Faransa yana da ƙuri'a, amma wannan ƙuri'a ce ta tabbatar da Napoleon a kan mulki shekara da shekaru, ita ce kuma a zaɓen Fabrairu 1871 ta cika majalisa da masu son dawo da sarauta. Yawancin masu jefa ta manoma ne na karkara, waɗanda limamin cocin ƙauye da mai gonar da suke wa aiki suka fi kowa tasiri a kansu. Saboda haka 'yan jamhuriya suka yanke cewa mulkinsu ba zai ɗore ba sai sun karɓe tarbiyyar yara daga hannun Cocin Katolika, wanda manyansa a lokacin suke tare da masu son sarauta. Makarantar Ferry tun daga tushe makamin siyasa ce, shi kansa bai ɓoye hakan ba.

Dama ta samu a farkon 1879, da shugaban ƙasa MacMahon ya yi murabus Jules Grévy ya gaje shi. Ranar 4 ga Fabrairu aka naɗa Ferry ministan ilimi. Ya fara da zafi: ya sa wani sashe na bakwai a cikin ƙudurin ilimi mai zurfi wanda ya hana ƙungiyoyin addini marasa izinin gwamnati koyarwa, abin da kowa ya san ƙungiyar limaman Katolika ta Jesuit ake nufi. Majalisar dattawa ta yi watsi da sashen a watan Maris 1880, sai gwamnati ta bi ta wata hanya ta fitar da dokokin zartarwa ranar 29 ga wannan watan, aka rusa ƙungiyar, 'yan sanda suka riƙa ɓalle ƙofofin gidajen ibada suna fitar da mazauna ciki. Alƙalai da lauyoyin gwamnati da dama sun ajiye aiki don kada a yi wannan da hannunsu. Rikicin ya kayar da gwamnatin firaminista Freycinet, Ferry ya zama firaminista a watan Satumba 1880 yana riƙe da ma'aikatar ilimi.

Dokokin da ake kira da sunansa guda biyu ne manya. Ta ranar 16 ga Yuni 1881 ta soke kuɗin makaranta a firamaren gwamnati. Ta ranar 28 ga Maris 1882 ta wajabta ilimi a kan kowane yaro, namiji da mace, daga shekara 6 zuwa 13, ta cire darasin addini daga manhaja ta maye gurbinsa da darasin ɗabi'a da sanin haƙƙin ɗan ƙasa. Kusa da su akwai dokar 1879 da ta tilasta kowace gunduma ta buɗe kwalejin horon malamai mata, da dokar Camille Sée ta Disamba 1880 da ta buɗe sakandaren gwamnati ga 'yan mata. A nan, Malam, ina roƙon ka gyara wa ɗalibanka wani kuskure da ya zama ruwan dare. Ba Ferry ne ya ƙirƙiro makarantar ƙauye a Faransa ba, domin tun 1833 dokar Guizot ta wajabta wa garuruwa su buɗe makarantar yara maza, kuma kafin 1879 yawancin yaran Faransa suna taɓa zuwa aji. Abin da ya yi shi ne ya cike giɓin da ya rage, musamman na 'ya'ya mata da 'ya'yan matalauta da ake cirewa lokacin girbi, ya mayar da malami ma'aikacin jamhuriya mai horo, ya kuma sa abu ɗaya ake koyarwa daga wannan bangon ƙasa zuwa wancan.

Ya dace a yi masa adalci a kan batun addini, domin bayan zafin farko ya nuna hankali. Dokar 1882 ta keɓe yini guda a mako ban da Lahadi, wanda ya zama Alhamis, domin iyayen da suke so su kai 'ya'yansu karatun addini a wajen makaranta. A watan Nuwamba 1883, gab da barin ma'aikatar, ya rubuta wa malamai wasiƙa wadda har yau ake karantawa a kwalejojin horon malamai na Faransa. A ciki ya ce wa malami, kafin ya furta wata magana ta tarbiyya a gaban yara, ya tambayi kansa ko akwai wani uba guda, mutumin kirki, wanda da yana zaune a ajin zai ƙi yarda da maganar da zuciya ɗaya. Idan akwai, to ya kame bakinsa, idan babu, ya faɗa ba tsoro. Ni dai duk lokacin da na koma kan wannan wasiƙa nakan ji nauyinta, domin ta san cewa ɗan wani amana ne a hannun malami.

Sai dai wannan lallashi bai kai ga harshe ba. Ƙa'idar makarantu da aka fitar a zamaninsa ta ce Faransanci kaɗai za a yi amfani da shi a cikin makaranta, alhali miliyoyin yara a Brittany da kudancin ƙasar da yankin Basque da wani harshe suka tashi a gida. Malamai da yawa sun riƙa rataya wa yaron da aka kama yana yaren gida wani abu a wuya, tsohon takalmin katako ko wani guntun ƙarfe, ba zai rabu da shi ba sai ya kama wani ɗan'uwansa da laifin ya miƙa masa. Wannan al'ada ta girmi Ferry kuma ba ya cikin dokokinsa, amma a makarantar da ya gina ta yaɗu, daga can kuma ta ƙetaro teku. Na tabbata a cikin dattawan Maradi da suka yi lakwal ba za ka rasa wanda aka rataya wa sambol don ya yi Hausa a farfajiyar makaranta ba.

Yanzu duba kalandar 1881, domin a nan gizo ke saƙa. Ranar 12 ga Mayu aka tilasta wa Bey na Tunis, wato sarkin Tunisiya, sa hannu a yarjejeniyar Bardo da ta sa ƙasarsa ƙarƙashin Faransa. Ranar 16 ga Yuni aka yi dokar makarantar kyauta. Bayan kwana 12, ranar 28 ga Yuni, majalisar nan dai ta amince da dokar da ta ba jami'an mulki a Aljeriya ikon cin tarar ɗan ƙasa ko tsare shi ba tare da ya ga alƙali ba, a kan laifuffuka irin su barin gari babu takardar izini ko yi wa jami'i maganar da ya ɗauka raini ce. Ranar 30 ga Yuni aka ba Faransawa 'yancin taro, ranar 29 ga Yuli aka ba su 'yancin jarida. Gwamnati ɗaya ce, firaminista ɗaya. Wannan tsari na hukunci babu shari'a shi ne daga baya aka shimfiɗa a sauran ƙasashen da Faransa ta mallaka, har da Nijar, kuma ba a soke shi ba sai 1946.

Tunisiya ita ce gwajinsa na farko. Tun a taron Balin na 1878 Ingila da Jamus suka nuna wa Faransa cewa ba za su hana ta ba. Ferry ya fake da hare-haren ƙabilar Kurumir a kan iyakar Aljeriya, ya shaida wa majalisa cewa ladabtar da su kawai za a yi, amma sojojin suka zarce har fadar Bey. Kudancin ƙasar ya yi tawaye, jiragen ruwan Faransa suka yi wa Sfax ruwan wuta a watan Yuli, aka shiga birnin Ƙairawan a watan Oktoba. 'Yan majalisa suka ga an yi musu ingiza mai kantu, gwamnatinsa ta sauka a watan Nuwamba 1881, Italiya kuwa da ta daɗe tana kwaɗayin Tunisiya ta fusata ta shiga ƙawance da Jamus da Ostiriya a 1882. Wannan salo na fara yaƙi da ƙaramin suna, a nemi kuɗi kaɗan-kaɗan har sai an kai inda ba a iya juyawa, shi ne ya maimaita a gaba.

Ya dawo firaminista a watan Fabrairu 1883, bayan mutuwar Gambetta, jigon 'yan jamhuriya, ya shafe fiye da shekara biyu, wanda a wannan jamhuriya mai yawan sauya gwamnati dogon zamani ne. A cikinsa aka halatta ƙungiyoyin ƙwadago, aka tsara mulkin ƙananan hukumomi, aka dawo da dokar saki, duka a 1884. Amma hankalinsa ya koma waje, ya karɓi ma'aikatar harkokin waje da kansa, ya buɗe wuta a Madagaska, ya tsaya wa Brazza, mai kafa wa Faransa tuta a Kwango, ya kuma nutsa cikin Tonkin, wato arewacin Biyetnam, inda aka kashe kwamandan Faransa Henri Rivière kusa da Hanoi a watan Mayu 1883. Ƙasar Sin tana ɗaukar wannan yanki a matsayin mai yi mata mubaya'a, saboda haka abin ya zama yaƙi da Sin, har Admiral Courbet ya nutsar da jiragenta a Fuzhou a watan Agusta 1884.

A tsakiyar wannan ne aka yi wani taron Balin, na rabon Afirka, daga Nuwamba 1884 zuwa Fabrairu 1885, wanda Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus, ya kira da haɗin bakin gwamnatin Ferry. Anan tarihinsa ya ɗan gogi namu. Kamfanonin Faransa da ke ciniki a ƙasan kogin Kwara sun gaza jure gasar George Goldie, ɗan kasuwar Ingila, gwamnatinsu kuma ba ta ba su goyon bayan da zai riƙe su ba, suka sayar masa da kadarorinsu a 1884, don haka Ingila ta shiga taron tana cewa ita kaɗai ce a wurin, aka bar mata kula da zirga-zirga a ƙasan kogin, Faransa ta samu samansa. Amma kada ka ce wa ɗalibai a Balin aka ja layin da ya raba Maradi da Katsina. Wannan iyaka ta fito ne daga yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1890 da 1898 da 1904 da 1906, lokacin Ferry ba ya kan mulki, yawancinsu ma bayan mutuwarsa. Haka ta'asar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine a Birnin Ƙonni da cin Damagaram a 1899, shekara shida ke nan yana kabari. Ba shi ya ba da umarninsu ba, amma shi ya share hanyar da aka bi, ya kuma tanadar wa masu bi hujjar da za su riƙa kafawa.

Faɗuwarsa ta zo kamar ƙiftawar ido. Ranar 28 ga Maris 1885 aka raunata Janar Négrier a Lang Son, kusa da iyakar Sin, wanda ya karɓi ragama ya firgita ya ba da umarnin janyewa, babban kwamanda a Hanoi kuma ya bugo wayar tangarahu mai tayar da hankali kamar duk rundunar ta halaka. Ranar 30 ga wata Ferry ya hau mumbarin majalisa yana neman faran miliyan 200 don aika ƙarin sojoji. Waje ya cika maƙil da jama'a suna ihun a kashe shi, wasu suna cewa a jefa shi kogin Seine. Georges Clemenceau, jagoran 'yan adawa, ya miƙe ya ce masa magana ta ƙare tsakaninsu, waɗanda ke gabansa ba ministoci ba ne, waɗanda ake tuhuma ne da cin amanar ƙasa. Aka kaɗa ƙuri'a, 306 suka juya masa baya, 149 suka tsaya masa. Abin da majalisa ba ta sani ba shi ne cewa tattaunawar sirri da Sin ta kusa kammala, kuma ya zaɓi ya yi shiru don kada ta wargaje. Ranar 4 ga Afrilu aka sa hannu a sharuɗɗan farko na sulhu, Sin ta saki Tonkin, yarjejeniyar Tianjin ta tabbatar da haka a watan Yuni. Ya samu ƙasar, ya rasa kujerar, aka ƙara masa laƙabi na biyu, "ɗan Tonkin".

Kada a ɗauka tausayin mutanen Biyetnam ne ya kayar da shi. Yawancin masu adawa da shi kuɗin da ake kashewa ne ya dame su, da kuma ganin cewa yana watsa sojoji a nesa alhali abokin gaba yana bakin ƙofa, ga shi kuma yana ɗasawa da Bismarck, wanda daɗi yake ji idan Faransa ta shagala da wasu wurare ta manta da Alsace. Ana danganta wa Paul Déroulède, wani marubuci mai zafin kishin ƙasa, cewa ya ce 'yan'uwa mata biyu ya rasa, wato Alsace da Lorraine, ana ba shi barori ashirin a madadinsu, maganar da ita kanta ta nuna yadda mai ita yake kallon mutanen da aka mallaka.

Ranar 28 ga Yuli 1885, yana ɗan majalisa kawai, ya tashi a muhawarar kuɗin yaƙin Madagaska ya bayyana aƙidarsa ƙarara. Ya ce masana'antun Faransa suna buƙatar kasuwa, jiragen ruwanta suna buƙatar tashoshin shan gawayi, kuma ƙasar da ta zauna gida tana kallo za ta sauko daga sahun manya. Sannan ya faɗi kalmar da ta bi shi har yau, cewa jinsunan da ya kira maɗaukaka suna da haƙƙi a kan waɗanda ya kira ƙasƙantattu, domin wajibi ne a kansu su wayar da su. Masu kare shi sukan ce haka kowa yake tunani a zamanin, kuma wannan uzuri ban karɓe shi ba, domin a cikin zauren aka katse shi ana tuna masa da shelar haƙƙin ɗan Adam, bayan 'yan kwanaki kuma Clemenceau ya ba shi amsa. Clemenceau ya ce tun da ya ji malaman Jamus suna kafa hujja da kimiyya cewa dole Faransa ta sha kashi saboda jinsinta yana ƙasa da nasu, yake yin taka-tsantsan kafin ya kira wata al'umma ƙasƙantacciya, ya kawo misalin wayewar Indiya da ta Sin, ya ce abin da ake yi amfani da ƙarfi ne tsagwaronsa an lulluɓe shi da sunan wayewa.

Abin da nake so ɗalibanka su gane shi ne cewa idon da Ferry ya kalli manomin Brittany da shi, da shi ya kalli mutumin Tunis da na Hanoi: mutane ne da suke baya, kuma wanda yake riƙe da ilimin zamani yana da ikon ya sake ƙera su ko suna so ko ba sa so. Inda hanya ta rabu shi ne manomin yana da ƙuri'a. Dole aka lallashe shi, aka bar masa Alhamis, aka gargaɗi malami kada ya taɓa zuciyar uba, ɗansa kuma idan ya yi ƙoƙari zai iya zama malami ko ɗan majalisa. Uban da ke Ƙairawan babu wanda ya rubuta wa jami'i wasiƙa a kan kiyaye zuciyarsa, kuma makarantar da ta iso ƙasashenmu daga baya ta tsaya ga 'yan kaɗan da za su zama tafinta da akawu. Ka ba yara wasiƙar 1883 da jawabin 1885 su karanta a zama ɗaya, ka tambaye su wane uba ne ake jin nauyinsa a ta farko.

Bai sake riƙe minista ba. A watan Disamba 1887, da Grévy ya sauka saboda badaƙalar surukinsa na sayar da lambobin girma, Ferry ya nemi shugabancin ƙasa, Paris ta yi barazanar bore idan aka zaɓe shi, Clemenceau ya haɗa kan 'yan majalisa a bayan Sadi Carnot, Ferry ya janye bayan zagayen farko. Bayan mako guda wani mutum mai suna Aubertin ya harbe shi a harabar majalisa, ya rayu amma raunin ya taɓa lafiyarsa. Ya yi tsayin daka wajen yaƙar Janar Boulanger da ke neman hawa mulki a kan farin jinin soja, hakan ya ci masa kujerarsa a 1889, sannan ya shiga majalisar dattawa a 1891.

A 1892 ya jagoranci kwamitin dattawa zuwa Aljeriya, ya yi kusan wata biyu yana zagaya ƙasar yana sauraron ƙorafi. Rahoton da ya rubuta ya yi wa Turawan da suka zauna can kaca-kaca, ya ce da wuya a fahimtar da su cewa akwai wani haƙƙi ban da nasu a ƙasar Larabawa, ko cewa ɗan ƙasa ba abin tatsa da sa aikin dole ba ne yadda aka ga dama, ya kuma koka da yadda ake ƙwace filaye da dazuzzuka da ƙin gina wa yaran Musulmi makarantu. Bai ce a fita daga Aljeriya ba, bai kuma janye kalmarsa ta 1885 ba. Gyaran mulkin yake nema. An zaɓe shi shugaban majalisar dattawa ranar 24 ga Fabrairu 1893, ciwon zuciya ya ɗauke shi ranar 17 ga Maris, mako uku kacal bayan haka. Mutumin da aka yi shekaru ana zargi da mantawa da Alsace ya bar wasiyya a binne shi a Saint-Dié, yana fuskantar tsaunukan Vosges, waɗanda a lokacin duk abin da ke bayansu yana hannun Jamus.